Keken hawan dutse: ƙafa 29 ko 26, mu duba yashinmu tukun

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Malam Edita ka ba ni 'yar dama in tsoma baki kan gardamar da samari ke yi a fada nan Maradi, wai keken hawan dutse mai ƙafa inci 29 ya hi mai 26 komi da komi. To a hankali dai.

Gaskiya ne babbar ƙafa ta hi iya tsallake rami da tsakuwa, in ta ɗau gudu kuma ba ta saurin sakinshi, na gani da idona ranar da muka yi hanyar Tibiri da wani abokina, ni ina ta haki bisa 26 shi ko bisa 29 kamar ana tura shi. Amma tana da nauyi wurin tashi, kuma cikin lungu ko cunkoson Babbar Kasuwa ƙaramar ta hi saurin juyawa, balle ga mutum gajere irina.

Abin da ba su faɗi shi ne gyara. Jantin 26 milimita 559 ne daga baki zuwa baki, na 29 ko 622, taya ba ta shiga ta wani. Ƙaya ta huda maka 29 can bakin Gulbi, mai faci zai liƙe tub ɗin, amma in taya ta tsage sai ka sha yawo kahin ka samu, alhali ta 26 ko wane mai gyara yana da ita rataye.

Yashi kuwa faɗin taya yake so, ka rage iska kaɗan, shi ke nan ka wuce.

Naku,
Wani mahayin keke, unguwar Zariya, Maradi