Garaɓasar filin wasa: daga aljihun wa take fitowa?

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu in faɗi abin da na daɗe ina gani da idona, wato alfarmar da kamfanonin katin banki ke yi wa masu katinsu a wuraren wasanni, wanda kuma na lura ya fara shigowa shafukan wasanni na gida da sunan garaɓasa. Ni ɗan kasuwa ne, ina da ƙaramin shago a unguwar Bronx ta birnin New York. Garin rogo nake sayarwa, da manja, da daddawa, da kuka, da busasshen kifi, shekara 17 ke nan.

Ɗana na biyu yana son wasan tanis, ya yi ta roƙona sai da na kai shi gasar US Open a ƙarshen wani watan Agusta. Muka hau jirgin ƙasa mai lamba 7 zuwa Flushing Meadows, inda ake gasar. Tun daga ƙofa muka fara ganin shuɗin tambarin American Express, kamfanin katin bashi (katin da ake sayayya da shi a biya daga baya) da ke cikin masu ɗaukar nauyin gasar tun 1994. Mai katinsu ya nuna kawai, sai a miƙa masa ɗan rediyon da ake maƙalawa a kunne yana jin sharhin wasa. Akwai ɗakin hutawa mai sanyi da aka keɓe musu, kuma tikiti ma su ake fara buɗe wa kafin sauran jama'a. Babu wanda ya wulaƙanta mu, mun kalli wasa mun ji daɗi. Amma a hanyar komawa yaron ya ce, "Baba, idan na girma irin katin nan zan yi." Shekarunsa 14. Rediyon bai shiga kunnensa ba, amma tallan ya shiga zuciyarsa, kuma wannan ake nema.

Ba kamfani ɗaya ba ne. Visa na tare da gasar Olamfik tun 1986, kuma a cikin filayen gasar katinta kaɗai ake karɓa, in ba haka ba sai tsabar kuɗi. Mastercard na tare da gasar zakarun Turai tun 1994. Gasar cin kofin duniya kuwa har kotu aka je a kanta: Mastercard ce ke riƙe da ita, FIFA ta juya wa Visa, rigimar ba ta mutu ba sai a 2007 da FIFA ta biya Mastercard dala miliyan 90. Ruwa ba ya tsami banza. Kamfanin da zai yi shari'a a kan wa za a ga sunansa a bakin fili ya san abin da yake kwasa a can.

To daga ina kuɗin rediyon da ɗakin sanyin suke fitowa? Nan ne nake da ta cewa, domin wani kaso daga kantata yake fita. Duk wanda ya sayi kayan dala 100 a wurina ya biya da katin bashi, abin da ke shiga asusuna bai wuce dala 97 da 'yan kai ba. Ragowar ta tafi, kuma kaso mafi tsoka na bankin da ya ba shi katin ne. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, katin da ya fi yawan garaɓasa shi ya fi tsada a kaina. Katin masu hali, wanda kuɗin riƙe shi kaɗai ɗaruruwan daloli ne a shekara, ya fi na lebura yankar ribata. Ni kuma ba zan iya rubuta farashi biyu a kan galan ɗin manja ba, dole in ƙara wa kowa. Tsohuwar da ke zuwa da kuɗinta a ƙulle a gefen zane, wadda ba ta taɓa taka filin tanis ba, ita ma ta sa hannu a kuɗin wancan ɗakin hutawa ba ta sani ba.

Mu 'yan kasuwa mun san gyara. Ka auna wa mutum mudu, ka ƙara masa ɗan tafin hannu don ya dawo gobe, daga ribarka ka cire, kuma wanda ya saya shi ya ci. Wannan gyaran kuwa daga mudun talaka ake ɗiba a zuba wa mai kuɗi, sannan wanda ya zuba ya sha godiya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ɗaya hanyar ita ce kuɗin ruwa. A Amurka kuɗin ruwan katin bashi ya haura kashi 20 cikin 100 a shekara, kuma a 2023 bashin da ke kan jama'a ta wannan hanya ya wuce dala tiriliyan 1. Wani yaron ɗan'uwana, direban tasi, ya buɗe kati a wani banki don kawai ya samu damar sayen tikitin ƙwallo kafin kowa. Ya sayi tikiti biyu, ya ƙara da na jirgi da masauki, yana cewa zai biya a wata uku. Sai aiki ya ja baya. Shekara biyu yana biyan mafi ƙarancin abin da suke nema duk wata, uwar kuɗin tana nan kamar ba a taɓa ta ba. Sai da muka yi masa karo-karo a masallaci. Batun riba a addini na bar wa malamai, sun fi ni sani. Ni dai na ga yaro mai fara'a ya koma ba ya ɗaga waya don tsoron masu bin bashi.

Wani zai ce ai kuɗin waɗannan kamfanoni ne ke raya wasanni. Akwai gaskiya a ciki, ban musa ba. Yaran da ke riƙe hannun 'yan wasa suna shiga fili, farin cikinsu na gaske ne. Amma Tarayyar Turai ta ƙayyade kason banki a kan kashi 0.3 cikin 100 na cinikin katin bashi tun 2015, kuma ba a daina buga ƙwallo a Turai ba.

Na san a gida yawancin katunanmu na cirar kuɗi ne, abin da ka ajiye shi kake ci. Sai dai salon ya iso. Wanda ya kalli gasar kofin Afirka da aka yi a Kodebuwa, inda Najeriya ta sha kashi 2 da 1 a wasan ƙarshe a Fabrairun 2024, ya ga sunan Visa a gefen fili. Bankunanmu ma kan yi shelar cewa ka yi ta ciniki da kati, wataƙila ka ci kujerar zuwa kallon gasa.

Roƙona ga wakilanku na wasanni da na kasuwanci shi ne, idan irin wannan sanarwa ta zo teburinku, ku rubuta a samanta cewa talla ce. Ku tambayi bankin mutum nawa ne za su tafi, cikin mutum nawa da za su goga kati. Ku tambaye shi nawa ake cire wa mai shago a kowane ciniki, kuma idan katin na bashi ne, nawa ne kuɗin ruwansa a shekara. Ku buga amsar da lambobi, kusa da hoton kofin.

Na gode.

Mai karatunku,
wani ɗan kasuwa a Bronx, New York