Wasiƙa daga Garwa zuwa Njamena

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Malam, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Ya uwargida da yara? Ya fama da alli? Mu nan Garwa sai godiya, zafi ne kawai irin wanda ka sani, Binuwai ta janye har yara suna ƙwallo a rairayinta. Ranar Juma'a na leƙa na gaida Hajiya, tana nan garau, ta ce in ja maka kunne a kan jinkirin kiran waya.

Saƙonka na murya sau uku na saurare shi. Ka ce shekara 6 ke nan kana koyar da lissafi a makarantar kuɗi da lisansinmu, wato digirin farko, ta jami'ar Ngaundare da ke Dang, albashi yana nan inda yake, kana son komawa karatu amma ƙofofin sun yi maka yawa. Ban so in amsa maka a tsaitsaye ba, shi ya sa na jira bayan isha'i gida ya yi shiru.

Kafin batun makarantu, ka fara amsa wa kanka tambaya ɗaya: a gaban wa kake son tsayawa nan da shekara goma? Yaran lise, wato sakandare, ko ɗaliban jami'a? Mutanenmu da yawa suna cewa za su je masta, digiri na biyu, kamar duk masta ɗaya ce, alhali wadda ke zurfafa ka a lissafi daban take da karatun da ke koya maka koyar da shi. Ni na san ka. Na ga yadda 'yan ajinmu suke cika ɗakinka a Dang daren jarrabawa, kana maimaita musu abu sau biyar ba ka ɗaga murya ba. Don haka ba zan ɓoye maka ba, ENS nake so maka, babbar makarantar horar da malamai ta Kamaru.

Da lisansinka, zagaye na biyu za ka nema, shekara 2, ka fita da DIPES II, takardar malamin lise cikakke. Wanda ya shiga da bak, takardar gama sakandare, shi ne yake yin shekara 3 ya samu DIPES I. Ta Yawunde ita ce uwa, tun 1961 take. Ta Marwa, inda na yi, an buɗe ta a 2008 tare da jami'ar, kuma ita ce kusa da kai, ka tsallaka gadar Ngeli zuwa Kusiri ka gangaro. 'Yan Chadi ma ba su da iyaka a can. Amma ka ji gaskiya tun yanzu: zamanin da fita daga ENS yake nufin gwamnati ta ɗauke ka aiki kai tsaye ya wuce, an raba horo da ɗaukar aiki. Kada ka ci bashi a kan albashin da ba ka gani ba. Ka kuma karanta sanarwar konkur, wato jarrabawar shiga, ta shekarar da kyau, musamman wajen shekarun haihuwa, don mu ba yara ba ne yanzu.

Za ka ce to mene ne amfaninta idan aikin ba tabbas. Bari in ba ka labarin abin da ya faru da ni lokacin gwajin koyarwa, da aka tura ni wani ƙaramin aji mai cike maƙil, yara huɗu a benci. Na ba su rabi a tara da sulusi. Wata yarinya a layin gaba, mai tsabtar rubutu, ta rubuta biyu bisa biyar: ta tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Na ɗaga jan biro zan soke, kamar yadda aka yi mana. Malamin da ke duba ni, dattijo ne, ya riƙe hannuna ya ce in tambaye ta yadda ta yi. Da ta yi bayani sai na gane yarinyar nan ba sakaci ta yi ba. Ƙa'idar da ta yi mata aiki tun firamare ta ɗauko ta kawo inda ba ta aiki. Fiye da rabin ajin haka suka yi, kuma da na soke na wuce, da sun tafi da abin har BEPC, jarrabawar gama ƙaramar sakandare.

Washegari na zo musu da rabon gado, tunda yawancinsu sun taɓa jin sumuni da sudusi a bakin malaman zaure. Na ce mutum ya rasu ya bar mata da uwa da ɗa namiji, ya bar awaki 24. Nawa matar za ta samu? Suka ce 3. Uwar fa? Suka ce 4. Duka biyun? Bakwai cikin 24. Sai na ce su gwada da hanyar jiya. Ta ba su biyu bisa 14, wato ɗaya bisa bakwai, abin da bai kai ko rabon uwar ita kaɗai ba. Yarinyar ta yi shiru tana kallon allo, can ta ce, "Malam, ashe an cuci tsohuwar." Daga ranar ban sake ganin wannan kuskuren a takardarta ba. Shekara 3 muka yi a Dang muna aljabra da analiz, manyan rassan lissafi, ba wanda ya taɓa gaya mana cewa kuskuren yaro yana da dalili, kuma aikin malami ya tono dalilin. Wannan a ENS na same shi, a darasin dabarun koyarwa da sanin halayyar yara, da kundin da na rubuta a shekarar ƙarshe. Kai da ka riga ka sha ƙurar alli shekara 6, za ka fi ni cin moriyarsa, don duk abin da aka faɗa kana da fuskar yaron da za ka ɗora shi a kai.

Idan kuwa zuciyarka jami'a take so, hanyar a bayyane take: masta shekara 2 a tsangayar kimiyya, Ngaundare ko Marwa ko Yawunde, sannan dokta, digiri na uku, aƙalla shekara 3. Ba tare da dokta ba, kujerar jami'a tana da wuyar samu. Ka tuna ɗaukar malamai 2000 da aka fara a 2019, masu dokta aka nema. Hanya ce mai daraja, amma shekara 5 ce ko fiye, kana da iyali, kuma sai ka dace da malamin da zai karanta aikinka ba ya ajiye shi a durowa ba.

Akwai kuma AIMS, cibiyar nazarin lissafi ta Afirka, a Limbe, tun 2013 take. Reshe ce ta cibiyar da aka fara a Afirka ta Kudu a 2003, tana da 'yan'uwa a Senegal da Ghana da Ruwanda. Masta ce ta wata 10 ko kusa da haka, ba ka biyan kuɗin makaranta, ci da kwana a kansu, malamai suna zuwa daga ƙasashe daban-daban su yi mako uku su koma. Abu biyu ne za su tsaya maka. Da Turancin Ingilishi ake karatun, ga kuma kwamfuta dare da rana. Sannan suna neman wanda ya yi shekara 4 a jami'a, lisansinmu kuwa 3 ce, ke nan sai ka ƙara shekarar farko ta masta. Ban cire maka ita daga lissafi ba, amma ta zo daga baya.

Nijeriya da ka ambata, e, Yola ga ta nan kusa da mu, ga Maiduguri da Kano da Zariya. Suna da PGDE, difloma ta koyarwa, ta shekara ɗaya ga mai digirin da bai karanci koyarwa ba, da masta ta musamman a kan koyar da lissafi, kuma za ka zauna cikin masu Hausa. Sai dai ka tuna yajin aikin malaman jami'a na 2022 da ya ci wata 8, kuma in ka dawo sai ka kai takardar zuwa Yawunde a daidaita ta kafin ta yi maka aiki. Masu tallar digiri ta intanet kuma, waɗanda ba a san harabarsu ba, kada ka ba su ko dala.

Abin da zan roƙe ka: kada ka ajiye aikinka sai sunanka ya fito. Ka zauna da uwargida ku yi lissafin haya da abinci na shekara 2 da biro da takarda, don ita za ta ɗauki rabin nauyin. A Marwa ana samun darasin gida da 'yan awoyi a makarantun kuɗi, malamin lissafi ba ya rasa mai nema, musamman gab da bak da probatuwar, jarrabawar da ake yi shekara ɗaya kafin bak. Ka fara haɗa dosiye, wato takardun nema, tun yanzu, takardar haihuwa da ta bak da sakamakon kowace shekara, duk a buga musu hatimi, don wannan yawon ne yake cinye wa mutane lokaci.

Tsofaffin tambayoyin konkur da na yi amfani da su suna nan cikin akwati, tare da littattafaina na analiz da aljabra. Akwai direban da ke zuwa Kusiri duk mako, zan ba shi ya kawo maka. Ka yi ta kwasar su bayan asuba, awa ɗaya kullum, wanda ya gagare ka ka ɗauki hotonsa ka turo mini mu yi tare.

Ka gaida uwargida da yara, da maƙwabcinka mai shayi da ya karɓe ni hannu biyu wancan zuwan. Allah ya zaɓa maka mafi alheri. Ina jiran amsarka kafin azumi.

Wassalam,
Abokinka na Garwa