Kafin a kira dagwalon masana'antar madara taki

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Na rubuto ne domin in jawo hankalin jaridarku ga wata hanya da ake gwadawa ta mayar da dagwalon masana'antun madara taki ta hanyar dafa shi da zafi da matsi, wadda nake ganin tana da amfani matuƙa, amma tana buƙatar a yi wa manoma bayaninta tsakani da Allah.

Duk masana'antar da ke sarrafa madara zuwa cuku ko man shanu ko madarar gari tana wanke bututu da tankuna kullum da soda da ruwan asid, kuma dole ta tace wannan ruwan wanki kafin ta sake shi. Abin da ke saura bayan tacewar wata laka ce mai maiƙo da ƙarni, wadda ko an matse ta, kusan kashi 80 cikin 100 na nauyinta ruwa ne. Yawanci motoci ake ɗorawa a kai gonaki a watsa, ana biyan kuɗin dakon ruwa ke nan, kuma idan ruwan sama ya wanke ta zuwa rafi ko tafki, sinadarin fosfaras da ke cikinta, wanda abincin shuka ne da ake sa wa a taki, yakan haddasa gansakuka ta rufe ruwa, iska ta ƙare wa kifaye.

Dabarar dafawa da zafi da matsi ba sabuwa ba ce. Masanin sinadarai ɗan Jamus, Friedrich Bergius, ya bayyana ta tun 1913, lokacin da yake binciken yadda kwal ke samuwa a ƙarƙashin ƙasa, kuma a 1931 ya sami lambar yabo ta Nobel tare da Carl Bosch saboda ayyukansu a kan matsi mai ƙarfi. Ana zuba lakar da danshinta a tukunyar ƙarfe mai kauri, a rufe ruf, a ɗaga zafi zuwa tsakanin digiri 180 da 250 a ma'aunin Selshiyos na 'yan sa'o'i. Da yake tururi ba shi da mafita, matsin ciki yakan ninka na iskar waje sau 10 zuwa 40, sai ruwan ya kasa ƙafewa, ya shiga narkar da kitse da furotin. Idan aka buɗe, sai a tarar da baƙin gari mai kama da gawayi, wanda ke sakin ruwa cikin sauƙi in an matse shi, yana marmashewa a hannu bayan ya bushe, ƙwayoyin cuta kuma sun mutu. Babbar ribar ita ce ba sai an shanya lakar tukuna ba, alhali busarwa ce ke cinye makamashi a sauran hanyoyin ƙonawa.

Dalilin da ya sa na damu da wannan batu shi ne fosfaras. Ba a ƙera shi a masana'anta, haƙo dutsensa ake yi, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na ajiyar da aka sani a duniya tana hannun Maroko. Tarayyar Turai ta saka dutsen cikin jerin ma'adanan da take fargabar ƙarancinsu a 2014, sannan kowa ya ga yadda farashin takin zamani ya yi tashin gwauron zabi a 2021 da 2022. A irin wannan hali, barin fosfaras ya bi ruwa asara ce biyu.

Sai dai akwai abin da ba a cika faɗa ba. Yawancin fosfaras yana zama a cikin baƙin garin, amma zamansa a ciki ba ya nufin saiwar shuka za ta iya sha. Masana'antu da dama da alif ko gishirin ƙarfe suke kwantar da dattin ruwansu, waɗannan kuwa suna riƙe fosfaras gam, ta yadda awon ɗakin gwaji zai nuna adadi mai yawa, amma shuka ta samu kaɗan a daminar farko. Saboda haka ingancin takin yana farawa ne tun daga sinadarin da aka zaɓa a wurin tace ruwa. Akan iya jiƙa garin da asid a fitar da fosfaras, a haɗa shi da maganiziyam da amoniya ya zama gishirin da shuka ke sha sannu a hankali, amma wannan ƙarin aiki ne da ƙarin kuɗi.

Haka kuma garin da ya fito sabo yakan ɗauko wasu sinadarai masu hana iri tsirowa, abin da ake gani ƙarara idan aka shuka iri a faranti biyu, ɗaya da garin ɗaya babu: na farkon yakan makara, saiwarsa gajera. Wankewa ko barinsa ya kwana biyu a cikin takin gargajiya yana rage wannan. Ga kuma ruwan da aka matse, baƙi mai ƙauri, wanda ya kwashe fotash da kaso mai yawa na naitirojin. Idan ba a sarrafa shi ya ba da iskar gas ko takin ruwa ba, to an sauya wa dattin mazauni ne kawai.

Roƙona shi ne, idan wakilanku za su tattauna da masu wannan sana'a ko hukumomin da ke ba da lasisin taki, su tambaye su nawa ne daga fosfaras ɗin shuka ke iya sha, a wace irin ƙasa aka gwada, damina nawa aka yi ana gwajin, kuma ina ruwan matsar yake zuwa. Ya kamata kuma a wajabta rubuta amsar tambaya ta farko a jikin kowane buhu kafin a sayar wa manomi.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku a kullum.