Buɗaɗɗiyar wasiƙar ƙorafi ga kamfanin da ya sayar mini da motar iyali mai shan baƙin mai

Zuwa ga Babban Manaja,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, na rubuto ne a kan motar iyali mai kujeru bakwai, mai injin V6, da na saya a wurinku a Kano da garantin inji a rubuce. Na fito da maganar fili saboda takardun da na bari a ofishinku ba su samu amsa ba. Ban ambaci sunan kamfanin ba, domin gyara nake nema.

Matsalar biyu ce a ido, amma tushenta ɗaya: motar tana shan baƙin mai, kuma tana misin, wato wata silinda tana tsallake ƙona fetur. Tun sabis bai zagayo ba geji yake sauka ƙasa da alamar ƙarshe, alhali babu ɗigo ko ɗaya a inda take kwana. Sannan inji ya kama rawa, ƙarfi ya ragu, fitilar inji ta riƙa ƙyaftawa. Duk lokacin da na kawo ta, yaranku sukan jona na'ura, ta nuna P0301 ko P0303, wato silinda ta ɗaya ko ta uku ba ta ƙona fetur yadda ya kamata. Sai su canza fulogi, su goge lambar, su ce Alhaji ta yi. Takan yi ɗin, na ɗan lokaci.

Ranka ya daɗe, ni ba bakanike ba ne, amma na riƙe tsofaffin fulogogin, kuma ko yaron gareji ya gan su ya san abin da suke faɗa. Bakinsu baƙi ƙirin ne, jiƙe da mai, da daskararriyar toka. Fulogi ba ya samar da baƙin mai da kansa, daga wani wuri yake zuwa masa.

Wannan injin yana da tsarin da ke kashe wasu silindoji idan mota ta miƙe a hanya ba nauyi, don a rage shan fetur. Kwamfutar motar tana tsayar da fetur ta rufe bawul, amma fistin yana ci gaba da hawa da sauka. Da yake babu ƙonewa a ciki, babu isasshen matsin da ke manna zobban fistin da bangon silinda, sai baƙin mai ya riƙa sulalowa sama. Idan silindar ta dawo aiki man ya ƙone, dattinsa ya lulluɓe fulogi, ya kuma toshe zoben da aikinsa shi ne share mai. Da zarar zoben ya maƙale, shan mai sai ya ƙaru. Shi ya sa kullum silindojin da ake kashewa ne ke kawo ƙara, kuma shi ya sa sabon fulogi ba ya daɗewa. Kamar mai yoyon rufi ne da ke ta canza tabarma.

An ce mini ai ba ta hayaƙi. Gaskiya ne, ba sosai ba, domin katalis, wato abin tace hayaƙi da ke cikin salansa, yana ƙone yawancinsa kafin ya fito. Wannan ma shi ne abin da ya fi damuna. Man da yake haɗiya yana kashe shi a hankali, ɗanyen fetur ɗin da misin ke turowa kuma yana iya narkar da cikinsa. Ƙyaftawar fitilar nan gargaɗi ne a kan haka. Ranar da na'ura za ta nuna P0420, lambar da ke nuna katalis ya yi rauni, wa zai biya kuɗin katalis?

Shawarar da shugaban garejinku ya ba ni kuwa, in koma zuba baƙin mai mai kauri, wato 20W-50, ban karɓa ba. A kan murfin injin 0W-20, mara kauri, aka rubuta, kuma tsarin kashe silindar da matsin baƙin mai yake aiki. Mai kauri zai iya ɓoye saukar geji na ɗan lokaci, ba zai saki zoben da ya maƙale ba. Ina kuma zargin da na bi shawarar, gobe a ce ni na karya sharaɗin garanti.

Abin da nake gani, Allah ya sa ba haka ba ne, ana jan ƙafa ne har wa'adin garantin ya ƙare. Mota ce ta kai yara makaranta da zuwa gida Zariya, da kuɗin gumi aka saye ta. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, injin da ke zubar da ɗanyen fetur ta salansa ba ƙaramar asara yake jawowa ba, ga galan ɗin baƙin mai da ba ya rabuwa da but.

Ina neman a auna matsin kowace silinda a gabana, a duba bawul ɗin PCV, mai mayar da tururin cikin inji ya ƙone, tunda shi ma yana iya jawo shan mai kuma ba shi da tsada. Sannan a cika baƙin mai, a rufe murfin da hatimi, a rubuta kilomita, in dawo mu auna abin da ya ragu tare. Idan sakamako ya nuna zobba ne, a sauke injin a canza su a ƙarƙashin garanti, kuma a lissafa daga ranar da na fara kawo ƙorafi, wadda ke cikin katin aikinku. In ba za ku iya ba, ku karɓi motarku mu zauna a kan kuɗina.

Ina jiran amsa a rubuce cikin mako biyu. In ban samu ba, zan kai rasit, takardar garanti da fulogogin nan gaban Hukumar Kare Haƙƙin Masu Sayen Kaya ta Jihar Kano, da kuma hukumar FCCPC ta tarayya, wadda dokar da aka sa wa hannu a 2019 ta ba ikon sauraron irin wannan ƙara.

Wassalam,
Abokin cinikinku, daga Kano