Kunya uku a gonar marayu

Aminina,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Yaya zaman Fatakwal da ruwanta mai wuyar ɗaukewa? Mu nan mun gama yankan dawa, hunturu ya fara shigowa. Mama tana fama da gwiwarta amma da sauƙi, kullum sai ta tambaye ni labarinka.

Saƙonka ya iso tun makonni uku da suka wuce. Na ƙi amsawa ta waya ne domin maganar ba ta tsaitsaye ba ce. Ka ce kana durƙusawa ka tashi yadda ka durƙusa, zuciya a bushe, ka kuma ce ni da nake dattijon ikilisiya in koya maka addu'a. Abin da zan iya ba ka shi ne labarin abin da ya same ni, wanda ban taɓa faɗa maka ba duk da amincinmu.

Ka san gonar Baba ta bakin rafi, wadda aka raba mana biyu ni da Yaya. Gamba aka dasa a tsakani ya zama iyaka. Daminar farko bayan rasuwar Yaya, na sa shanu huɗa, garma ta tumɓuke gamban ta shiga kunya ɗaya cikin nasu. Na gani da idona, na yi shiru. Da shekara ta zagayo na ƙara ɗaya, ta uku ma haka. Shekara biyar ina cin amfanin wurin. Matar Yaya ta sani sarai, ga yara huɗu a gabanta, amma ba ta taɓa kai ƙara wurin mai unguwa ko fasto ba. In mun haɗu a ƙofar majami'a sai ta gaishe ni kamar babu komai.

A cikin shekarun nan biyar kuwa ni ake kira in yi addu'ar buɗe sujada. Ka san bakina. Nakan jero sunayen Allah, in kawo aya bayan aya, jama'a su amsa da Amin mai ƙarfi. In na koma gida na rufe ƙofa, kalma ɗaya ba ta fita da rai. Na ɗora wa gajiya, na ɗora wa Shaiɗan. Dauda ya riga ni sanin wannan hali, domin a Zabura 32 ya ce sa'ad da ya yi shiru da zunubinsa ƙasusuwansa suka lalace, ƙarfinsa ya ƙafe kamar yadda zafin bazara ke ƙafar da ruwa. Na sha karanta wurin ga wasu.

Idon Mama ya yi rauni, saboda haka ni nake karanta mata littafin Karin Magana na Littafi Mai Tsarki kowace yamma, sura ɗaya bisa ga kwanan wata, tunda surorin 31 ne. Ba ta yarda da kowane Littafi sai na Baba, tsohuwar fassarar nan ta 1932 wadda Likita Mila na Wusasa ya yi wahala a kanta, bangonta ya ɓalle an ɗaure shi da zare. Ran 23 ga wata na kai aya ta 10 da ta 11, inda aka ce kada a kawar da tsohuwar shaidar iyaka, kada a shiga gonakin marayu, gama Mai Fansarsu mai ƙarfi ne, zai tsaya musu. Sai murya ta ɗauke mini. Mama ta ce, "Ci gaba mana, me ya tsayar da kai?" Na rufe Littafin na ce makogwarona ne.

Daren nan a zaure na kwana. Da farko gardama na yi ta yi da Allah. Ai kunya uku ce kawai. Ai na taɓa biya wa babban yaron kuɗin jarrabawa. Ai ina ba da zakka, ban taɓa fashin sujada ba. Ina cikin wannan lissafi sai na ji muryar wani a bakina, Bafarisiyen nan na Luka sura 18, wanda ya tsaya a Haikali yana ƙirga wa Allah azuminsa sau biyu a mako da ushirin da yake fitarwa. Shekaru ina wa'azi a kansa ina nuna wasu da yatsa. Ɗaya mutumin, mai karɓar haraji, daga nesa ya tsaya, ko ido bai iya ɗagawa sama ba, yana bugun ƙirji yana roƙon Allah ya ji ƙansa shi mai zunubi. Yesu ya ce shi ne ya koma gida baratacce.

Aminina, abin da ya fi yi mini wuya shi ne kiran abin da sunansa. A sujada mukan ce mun yi zunubi cikin tunani da magana da aiki, kuma gaskiya ne, sai dai mutum yana iya ɓuya a cikin "mun" ɗin nan har ya tsufa. Annabi Natan bai bar wa Dauda wannan mafaka ba. Ya ba shi labarin attajirin da ya ƙwace 'yar tunkiya ɗaya tilo ta matalauci, da Dauda ya fusata sai ya ce masa shi ne mutumin. Wajen asuba na kifa goshina a kan tabarma na ce, "Ya Ubangiji, na ci gonar marayu. Ka ji ƙaina." Iyakar addu'ar ke nan. Na yi ta maimaita ta ina kuka har zakara ya yi cara, kuma rabona da in san ana jina irin na wannan dare har na manta.

Na so a ce maganar ta ƙare a zaure, tsakanina da Allah. Matiyu 5:23-24 ta hana ni: in ka kawo baikonka na hadaya gaban Allah ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka ajiye baikon, ka je ku shirya tukuna. Zakka ma, mai karɓar harajin nan da Yesu ya sauka a gidansa a Yariko, alkawarin mayar da ninki huɗu ya yi ga duk wanda ya zalunta. Na zauna na ƙirga, kowace kunya takan ba da kusan dami ɗaya, dami 12 ke nan a shekara biyar. Ƙarfina bai kai ninki huɗu ba, na fitar da 24 daga rumbu. Na ɗauki wani dattijo da mai unguwa muka je gona, na haƙo gamba da hannuna na dasa a inda Baba ya sa shi. Daga nan muka wuce gidan matar Yaya.

Tana sussuka muka same ta. Na durƙusa a gabanta, ni da nake ƙanin mijinta, na faɗi abin da na yi ba tare da na rage komai ba. Ta daɗe riƙe da taɓarya ba ta ce uffan ba. Can ta ce, "Na daɗe da barin ka da Allah." Sai ta fashe da kuka, ta ce Allah ya yafe mana gaba ɗaya. Ranar Lahadi na faɗa wa majalisar dattawa, na roƙa a ɗauke mini addu'ar gaban jama'a da raba Jibin Ubangiji na wata shida. Wasu sun ce na tona wa kaina asiri a banza. Ban yarda da su ba ko kaɗan.

Yanzu addu'ata gajeriya ce. Da ƙarfe biyar na asuba nakan karanta Zabura 51 a hankali, in tsaya a aya ta 10 da ta 12, inda Dauda yake roƙon tsabtacciyar zuciya da a mayar masa da farin cikin ceto. Farin cikin nan ya dawo mini, kaɗan-kaɗan, kamar yadda rijiya ke kawo ruwa bayan an yashe ta.

Kada ka ɗauka ina cewa kai ma ka ci gonar wani. Ayuba ya sha bushewar da ba zunubinsa ya jawo ba, kuma na san aikin dare yana cinye mutum. Abin da nake roƙonka shi ne ka rage yawan magana in ka durƙusa, ka tambayi Ubangiji ko akwai abin da ka gani ka yi shiru, sa'an nan ka jira amsa. In ya nuna maka, ka nemi ɗan'uwa guda mai riƙon asiri a ikilisiyarku ta Hausa ka faɗa masa, yadda Yakubu 5:16 ta umarta.

Ni ma ina da roƙo. Babban ɗan Yaya har yau in ya hango ni sai ya sauya hanya. Yana da shekara goma sha biyu sa'ad da ya ga garmata ta shiga gonarsu, bai manta ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ka sa shi a addu'a, ka sa ni. In Allah ya kai mu Kirsimeti ka yi ƙoƙari ka zo, Mama ta ce ta ajiye maka daddawa da kuka.

Ka gai da uwargida da yara.

Naka cikin Almasihu,
Amininka