Barka da Sallah daga Dublin

Assalamu alaikum Baba da Inna,

Barkanmu da Sallah, Allah ya maimaita mana. Ina nan lafiya lau, kada Inna ta sa damuwa a ranta.

Mun yi idi da safe ana yayyafi. Ana sallamewa kowa ya kama gabansa, wasu ma wurin aiki suka wuce, don a nan Sallah ba ranar hutu ba ce. Layya kuwa kuɗi za ka ba mahauci, daga baya ka karɓi namanka a leda. Babu ƙaurin babbaka, babu mai leƙowa ya ce a ba shi fata. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kayan cikin nan da Inna ke fara soyawa, hanta da tumbi, a barbaɗa yaji, muna ci muna ƙona yatsu. Na san yanzu babban kaskon yana tsakar gida, Gwaggo na gadinsa tana korar yara, ita kuma tana ɗanɗanawa a ɓoye. A nan ko tumbin sai an yi cigiya.

Da ma na san zaman ɗaki zai gagare ni, shi ya sa na yanki tikitin shiga tsohon gidan yarin Kilmainham. Baba, wannan labarin naku ne. Turawan Ingilan da suka ci Kano a 1903, su ne suka danne mutanen Ailan ɗaruruwan shekaru, ga su maƙwabta. A 1916 wasu suka yi bore, aka murƙushe su cikin mako guda, aka harbe jagorori 14 a farfajiyar gidan yarin nan. James Connolly ko tsayuwa ba ya iya yi saboda rauni, sai ɗaure shi aka yi a kujera aka harbe. Joseph Plunkett kuma da dare aka ɗaura masa aure a ciki, da asuba aka kashe shi. Da farko mutanen gari ba su goyi bayan boren ba, kisan ne ya juya musu zuciya.

Daga nan na hau bas zuwa babban gidan waya na titin O'Connell, inda Patrick Pearse, ɗaya daga cikin jagororin boren, ya karanta shelar kafa jamhuriya ranar 24 ga Afrilu, 1916. Har yau ana sayar da kan sarki a ciki, kuma gunkin Daniel O'Connell, wani tsohon ɗan gwagwarmayar Ailan, da ke bakin titin yana nan da ramukan harsashi, ba a toshe ba. Wannan ya burge ni. Sai 1922 suka samu ƙasarsu, amma yankin arewa yana hannun Birtaniya har gobe.

A gaishe mini da Hajiya Kaka sosai da sosai, a ce mata mijinta na Turai bai yi mata kishiya ba, kuma ina shafa man zafin da ta ba ni. Ina gaida Kawu da iyalinsa, da Yaya da amarya, da Malam Liman, da mutanen layinmu baki ɗaya. Auta, ke ce babba a lissafin goron Sallah, yana wurin Yaya, kada ki yarda ya rage ko sisi. Ki ɗauko mini hawan Daushe a waya.

Inna, don Allah kada a wahala da aiko da soyayyen nama, ba a barin shiga da shi ƙasar nan. Yajin dai a ajiye mini.

Naku,
Ɗanku na Dublin