Rahoton ayyukan shekara ga membobin ƙungiyarmu ta masu koyon Japananci

Assalamu alaikum 'yan uwa maza da mata.

Shekara ta zagayo, ga bayanin inda aka kwana. Aikin da ya fi cin lokacinmu a bana shi ne ajin 'yan farko na ranar Asabar, wato furuci da rubutu, don haka a kansa zan fi tsayawa.

Tun a zaman farko malamanmu suka ja hankalin kwamiti kan wani abu. Littattafan da ke hannunmu an rubuta su ne domin masu jin Turanci, kuma suna ɓata shafuka wajen koya wa Bature abin da Bahaushe ya tashi da shi tun yana goye. Sai muka yanke shawarar a riƙa kwatanta sautin Japananci da na Hausa kai tsaye, a bar Turancin ya tsaya a matsayin harshen littafi kawai. A ganina wannan ne mataki mafi amfani da muka ɗauka a bana.

Wasulansu biyar ne kamar namu, a, i, u, e, o, sai dai ba a turo leɓe sosai wajen furta u. Tsawon wasali yana canza ma'ana: obasan ita ce gwaggo ko inna, obaasan kuwa kaka. Wanda ya san bambancin garin da ake zama a ciki da garin da ake tuƙa tuwo da shi bai buƙatar dogon bayani a nan. Haka ma ƙaramin っ, wanda ke raba kite, wato zo, da kitte, kan sarki na wasiƙa. Malama ta ce musu shadda ce, kamar mana da manna, aji ya gane nan take. Karin sauti ma ba baƙonmu ba ne. A harshen Tokyo, hashi idan ya fara sama ya sauko tsinken cin abinci ne, idan ya fara ƙasa ya hau gada ce. Mun buga misali da kukan yaro da bishiyar kuka. Hatta fu nasu da leɓɓa biyu ake hura shi, kamar yadda yawancinmu ke furta f.

Inda muka sha wuya wuri biyu ne. Tsu na Japananci ba shi da ƙarfin ts namu na tsuntsu, iska ce ke fita a sake, kuma har yanzu wasu na matse shi a maƙogwaro. Sai p, da ke komawa f a bakin da yawa daga cikinmu. Mun ware minti goma a farkon kowane zama domin waɗannan biyun, za mu ci gaba da hakan.

A ɓangaren rubutu, mun daina amfani da romaji, wato rubuta Japananci da haruffan boko, bayan makonnin farko. Tsarin da littattafai suka fi bi yana ɗauke da sunan James Curtis Hepburn, likita Ba'amurke da ya fitar da ƙamusunsa a 1867, kuma da kunnen mai Turanci aka auna shi. Wasu membobi sun yi ƙorafi cewa an yi gaggawa. Mun saurare su, amma ba mu janye ba, domin wanda ya daɗe a kan romaji idonsa ba ya sabawa da kana, wato haruffan Japananci masu jeri biyu, hiragana da katakana. Alhamdu lillahi, waɗanda suka jure sun haddace haruffan hiragana 46, suna bin ƙa'idar wane layi ake fara ja, sun kuma san cewa は idan ta zo tana nuna abin da ake magana a kai, da sautin 'wa' ake karanta ta.

Katakana kam mun gaza, kuma laifin kwamiti ne. Ita ma 46 ce, amma mun bar ta sai ƙarshen shekara, muka bi ta a gurguje. Shi ya sa har gobe ana rikita シ da ツ, da ソ da ン. Ɗakin da aka ara mana ma an karɓe shi a tsakiyar damina, muka yi makonni muna karatu ta WhatsApp, kuma gyaran hannu ba ya yiwuwa ta waya.

Kanji, wato haruffan da Japananci ya aro daga rubutun Sinanci, mun taɓa kaɗan. Jerin da gwamnatin Japan ta amince da shi a 2010 yana da 2,136, adadin da ke tsorata sabon ɗalibi. Mu dai mun kama 80 ɗin da yaran aji ɗaya na firamare ke koya a can, ba mu kai ƙarshensu ba tukuna.

A shekara mai zuwa za a fara katakana da zarar an gama hiragana. Masu niyyar zana jarrabawar ƙwarewa a harshen Japananci ta JLPT matakin N5, wanda shi ne na ƙasa cikin matakai biyar, su ba da sunayensu da wuri domin a buɗe musu ajin bita. Ma'aji zai karanta lissafin kuɗi a babban taro, masu bashin kuɗin wata su taimaka su biya kafin ranar. Muna godiya ga malamanmu da ke koyarwa kyauta, Allah ya saka musu da alheri. Duk wanda ya san inda za mu samu ɗaki mai allo da kujeru, don Allah ya sanar da shugaba.

Wassalam,
Sakataren ƙungiya